Irin Doyar da Aka Kusa Soyewa

Ƙanena ya yi shekara takwas a Majalisar Wakilai, ni kuwa na yi shekara takwas ban ci tuwo da kwanciyar hankali ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni ce babba, ni na goya shi a ƙauyenmu da ke gaba da Beji, inda kowa manomin doya ne. Duk Minna Honarabul ake ce masa. Ni ma nakan faɗa, amma sai in zan yi masa faɗa.

Malamin firamare ne da farko. Da ya dami mutane da maganar kwalbatin da ruwa ke cinyewa duk damina, motocin doya su kasa fitowa, sai suka ce to ka je ka gyara, suka yi shi kansila. Ya gyara kuwa. Daga nan aka tura shi Abuja. Ba zan yi masa ƙarya don ƙanena ne ba: ya haƙa rijiyoyin burtsatse, wasu na ba da ruwa har yau, wasu sun zama wurin ɗaure awaki. Ya kawo taki, wani ya iso kan lokaci, wani sai da aka gama girbi. Gidansa na Ketaren Gwari kuwa ya koma tasha. Ko ni sai na tsallake takalma kamar a ƙofar masallaci kafin in gan shi.

A shekararsa ta bakwai ya yanke jiki ya faɗi a Abuja. Hawan jini. Ya tashi bakinsa ya ɗan karkace, hannun hagu na rawa. Likita ya faɗa a gabana, a gaban matarsa, cewa in ya sake shiga hayaniyar zaɓe, faɗuwa ta gaba ba lallai ya tashi ba. Ƙanena ya ce to. Wata uku bai rufa ba na fara ganin hotonsa a jikin katanga, ya sha babbar riga yana murmushi da ɓarin bakin da ya rage lafiya. Zango na uku yake so. Matarsa ta yi kuka har ta gaji. Ni na yi masifa har maƙwabta suka haddace ta. Ya ce, "Yaya, jama'a ne suka matsa." Na ce wace jama'a, masu cinye maka shinkafa?

Akwai abin da dattawan ƙauyenmu suka saba. Duk sa'ad da zaɓe ya matso, kawunmu, ƙanen mahaifinmu, yakan jagorance su su zo da doya manya-manya, kowace kamar cinyar ƙato, su sauke a ƙofar gida. Ba sa dogon jawabi. Doyar ce ke nuna ƙauye na bayansa. Don haka a bazarar nan ƙanena ya ƙi sayen fom ɗin takara, ya ce sai kawu ya zo.

Ranar da suka zo ina rumfata a Sauka Kahuta, inda nake sayar da hatsi. Matarsa ta kira ni a waya, ta ce in zo maza, kawu ya zo ya tafi, gida ya hargitse. Na bar wa maƙwabciyata rumfa na hau Keke Napep.

A bakin ƙofa ta ba ni labari. Kawu da dattawa biyu sun sauke buhu huɗu, sun gaisa, sun sha ruwa, sun yi addu'a, sun tafi. Da aka kwance buhunan sai aka ga doya 'yan ƙanana, duk sun yamushe, wasu ma a yanke, an baɗe su da toka. Mai magana da yawun ƙanena, wani ɗan birni da bai taɓa riƙe fartanya ba, ya ɗaga ɗaya ya nuna wa cikin falo, ya ce wannan raini ne, abokin hamayya ya saye tsofaffin, sun kai masa manyan sun kawo wa Honarabul shara. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ƙanena ya fusata har jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ce a kai madafa a soya wa magoya baya su ci, gobe da safe kuma zai sayi fom, ya ga wanda ya isa ya hana shi.

Jin kalmar toka gabana ya faɗi. Na wuce madafa ko mayafi ban gyara ba. Na tarar da mai girki ta baje tire, mai yana kan wuta, ta riga ta fere goma sha ɗaya.

"Ke! Ajiye wuƙar nan!"

Ta saki wuƙa, baiwar Allah, ta ce ita umarni aka ba ta. Na ɗauki ɗaya na juya. Ga tsiro ya fara leƙowa a ka, ga toka a wurin yanka don kada ya ruɓe a ƙasa. Iri ne. Irin shuka, wanda manomi ke ɓoyewa ko yunwa za ta kashe shi. A wajenmu baƙo ana ba shi doyar ci, ko da ƙwarya guda ce, wato ɗari cif, amma iri ba a ba kowa sai ɗan gida da za a nuna wa gona. Kawu ba zai taɓa buɗe baki a gaban mutane ya ce da babban mutum "ka sauka" ba, don kunyata shi ne. Abin da zai iya ke nan ya yi.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na cika zanena da irin na doshi falo. Maza sun fi talatin, fanka na juya zafi. Na zube doyar a kan teburin gilashin da ake ɗora wa manyan baƙi lemo.

"Honarabul," na ce, "ɗauki ɗaya."

"Yaya, don Allah ba yanzu ba."

"Yanzu. Ɗauki ka shinshina."

Mai magana da yawun ya taso yana cewa Hajiya a yi haƙuri, ana taro ne. Na ce ɗana, kai ka yi haƙuri, ka gaya mini ta ina doya ke tsiro, ta kai ko ta gindi? Ya tsaya yana kallon silin. Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari.

Ƙanena ya ɗauka da hannun da ke rawa. Ya shafa tokar da babban yatsa, ya daɗe yana kallon tsiron. Shi ne fa yaron da ke riƙe wa babanmu ƙwaryar toka ranar yankan iri. Shekara takwas na Abuja suka sa ya kalli iri ya ga shara. Wallahi na ji kunya a madadinsa, kuma na ji tausayinsa har cikin raina.

Ya ce, "Nawa aka fere?"

Na ce, "Sha ɗaya."

Ya ce a kashe wuta. Ya tashi ya shige ɗaki.

Kwana uku ban san inda aka kwana ba. Hotuna na nan a katanga, motoci na nan a ƙofar gida, matarsa ta ce ba ya magana da kowa. Ina auna wa mutane gero ina zubarwa a ƙasa. Duk wayar da ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, ko ya sayi fom ko ya faɗi.

Rana ta huɗu da hantsi, bayan an yi yayyafin farko, mota ta tsaya a gaban rumfata. Shi kaɗai ne da direba, ba jiniya, ba 'yan rakiya, ga buhunan a baya. Ya sauke gilashi ya ce, "Yaya, ki raka ni, na manta iyakar gonar Baba." Na ce ai ka manta abubuwa da yawa. Na shiga. Sai da muka wuce Bosso na lura hawaye nake yi.

Mun tarar da kawu a bakin gonar, ashe tun kaka ya sa an yi kunyoyi, suna nan a jere suna jira. Ƙanena ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Kawu, me ya hana ka gaya mini da baki?" Tsohon ya amsa da Hausarsa ta mutanen da, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Da baki kowa ya gaya maka, ka ji? Ni na sa ubanka a ƙasa da hannuna. Ban yarda in sa ka ba. Doya ne kawai ya rage mini in binne."

Bai sayi fom ba. Cikin mako biyu takalman ƙofar gida suka ɓace, mai magana da yawun ya koma yana magana da yawun wani. Abin ya yi wa ƙanena ciwo, ba zan ɓoye ba. Har yanzu in ana muhawarar majalisa a talabijin yakan yi musu gardama daga kan kujera, in ce Honarabul, ba sa jin ka.

Noma kuwa bai iya ba kamar da. Doyarsa karkatattu ne, kuma ba ya iya yin kunya goma bai zauna ba. Amma duk shekara in sabuwar doya ta fito, shi da kansa yake kawo mini ta fari har rumfa, ya sauke da hannun nan mai rawa. Nakan juya ta in ce wannan ai ko akuya sai ta yi tunani. Ya ce, "Yaya, ba kya godiya." Ina godiya mana. Ba doyar nake kallo ba, mai kawowar nake kallo yana tsaye da ƙafafunsa.