Rubutun da Ke Bayan Hotunan

Hotuna hamsin da bakwai ne a cikin akwatin ƙarfe, na tsofaffin finafinan Indiya da na kaboyi, irin waɗanda ake mannawa a allon ƙofar silima a da. Duk lafiyarsu lau, sai hujin ƙusa a kusurwa. Tsofaffin kaya nake saye da sayarwa a Makera, kuma na san masu tara irin waɗannan hotuna a Legas.

Mai su wani dattijo ne a Narayi, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya yi shekaru yana manna hotuna a wata silima kafin a mayar da ita sito. Duk fim ɗin da aka sauke, sai ya kai wa matarsa hoto ɗaya gida. Ta daɗe da rasuwa.

"Baba, takarda ce kawai, gara za ta cinye," na ce masa.

"Ɗan nan, gara ta fi ka kunya. Ita ba ta taɓa zuwa taya min kaya ba."

Ya yi dariya, amma ya sayar, don za a yi masa aikin ido.

A shago na juya su. Bayan kowanne akwai rubutun fensir, na marigayiyar. Ba labarin fim ba ne. "Yau an yaye ƙaramar." "Ya dawo da kifi, mun shirya." "Na sayi keken ɗinki, bai sani ba tukuna." Na karanta duka, ban tsallake ko ɗaya ba. Sannan na ɗauko magogi. Masu saye sun fi son baya fari, in da rubutu sai su karya farashi. Kwana biyu ina gogewa, a hankali, don kada takardar ta saluɓe.

Bayan mako uku 'yarsa ta zo, da kayan aikin jinya a jikinta.

"Malam, ba hotunan na zo karɓa ba, ciniki ya riga ya faɗa. Ka bar ni in ɗauki bayansu da waya. An yi wa Baba aiki, yana gani yanzu. Abin da ya fara tambaya shi ne rubutun Mama. Ya ce da ya san idon zai dawo, da bai sayar ba."

Akwatin yana ƙarƙashin teburin da ta dafa. Na ce mata an riga an tafi da su Legas. Ta ba ni haƙuri a kan ɗawainiya, har da godiya.

Na sayar da su daga baya, na ci riba ninki uku. Da ita na sa wa shago sabuwar ƙofa. Na kuma zauna in rubuta abin da na tuna, ko na kai wa dattijon. Layi shida na samu daga hamsin da bakwai, su ma da hannuna, ba na marigayiyar ba. Takardar tana cikin durowa. Har yau ban iya kai ta Narayi ba.