Takarda Mai Shafi Tara da Injuna Arba'in

Injin ban-ruwa arba'in, kwantena ɗaya, da masu lambu talatin da biyu na Dungu da Icirnawa da na yi wa alkawarin kaya kafin shukar rani. Abin da takarda mai shafi tara ta tsare mini ke nan a tashar jirgin ruwa ta Lome.

A Rasha aka ƙera injunan. Wani kamfani na Suwidin ya kai ƙara, ya ce bakin da ke zuƙo ruwan shi ya ƙirƙiro shi, yana da rajista. Wanda ya sayar mini ya aiko takardar izinin da kamfanin ya taɓa ba shi, amma da Rashanci. Lauyansu ya ce in ta zo da yarensu cikin kwana talatin za su janye.

Tun ina sayar da rake a bakin tashar Matameye na san hanya ɗaya: in mai kaya da mai saye ba sa jin juna, sai ka sa mutum biyu a tsakani, kowa ya riƙe gefensa. Haka na yi. Na tafi Damagaram wurin wani tsohon likita da ya yi karatu a Rasha. Ya juya takardar ya ce, "Alhaji, ni hanji da hanta na koya, ba bakin inji ba." Na lallashe shi, ya yi kwana shida yana maida ta Faransanci. Na tura wa taubashina, ɗan ƙanen uwata, da ke tuƙin tasi a Suwidin shekara goma sha biyar. Shi kuma ya ci kwana tara yana maida ta yaren Suwidin.

Lauyan ya dawo da ita a ranar. Mutum ɗaya suke so, wanda ya yi rantsuwa, mai hatimi, da zai fassara kai tsaye ya ɗauki laifin duk kalmar da ta karkace.

Na kira taubashin raina a ɓace. "Shekara goma sha biyar ba ka san dokarsu ba?"

"Kai bawana, ka tambaye ni? Cewa ka yi in rubuta, na rubuta. A kasuwar Yauri ka ɗauka muke?"

Da na huce ya duba. Ashe hukumarsu tana da jerin irin waɗannan tafintoci, kowa na iya gani. Na farko takardun aure da gado kawai yake yi. Na biyu ya ce sai bayan wata. Ta uku, wata dattijuwa, ta karɓa, amma ta ƙi hoton da na ɗauka da waya, sai da aka aiko mata da tsabtatacce daga Rasha. Saura kwana biyu wa'adi ya cika ta gama.

Sun janye. Injunan suka iso an riga an dasa albasa. Mutum ashirin da uku sun gaji da jira, ƴaƴansu da ke cin rani a Kano sun aiko musu da wasu. Tara suka tsaya, su ma don kunyar mahaifina. Na sayar da goma sha ɗaya a wannan rani, ashirin da tara suka yi damina a shago. Daga cikin ashirin da ukun nan, huɗu ne kawai suka sake sayen wani abu a hannuna.