Shekara Tara Bayan Inna: Maganin da Ke Jiran Tsami

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyarmu, mai sayar da zoɓo a Takur. Kansar mama ce ajalinta. Allah ya jiƙanta.

Ni malamin kimiyya ne, amma a wurinta na fara ganin yadda tsami ke juya abu. Ta matsa lemun tsami a zoɓo ya yi ja wur, ta ɗiga ruwan kanwa ya yi baƙi-baƙi. "To, Malam," takan ce, tana yi mini tsiya, "akwai wannan a littafinku?"

Da aka fara ɗaura mata ruwan maganin kansa, gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, har ta daina iya ɗanɗana zoɓon da ta haɗa. Ran nan ta ce da ni, "Ciwo yana gefe guda. Me bakina ya yi wa maganin nan? Ba shi da ido ne?" Bayan karo na uku ta ce ba za ta koma ba. Na ɗaga mata murya, ni da uwata. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Yanzu ga masu bincike suna ƙera wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna ƙunshe magani a ciki. Kewayen ƙarin kansa ya ɗan fi sauran jiki tsami, don haka ƙunshin zai bi jini a rufe, sai ya iske tsamin nan ya buɗe. Yawancinsu ana kan gwaji, ba su iso asibitocinmu ba. Da tana raye, na san cewa za ta yi, "Au, sai yanzu suka gane?"

Abin da ya tayar mini da wannan, yayata Habi ce ta ji ƙullutu a mamanta, ta ɓoye wata biyu. Ta ga abin da magani ya yi wa Inna, ta ce ba inda za ta. Na so in ce mata sabon maganin ya iso, amma ƙarya ce. Na ce, "Yaya, maganin yana nan da wuyarsa. Sai dai Inna a makare ta je. Kada mu maimaita." Wannan karon a hankali na yi magana.

Ranar Litinin na raka ta asibiti, yanzu muna jiran sakamako. Tambayar Inna tana nan, wasu can suna neman amsarta. Zoɓonta ma yana nan, don Habi ce ta gaji hannunta. A layin ganin likita ta buɗe gorarta, ta kurɓa, ta ce, "Bari in sha tun bakina yana jin tsami."