Robar da ke Tsakanin Hammajoda da Ɗansa

Ni ban taɓa son Hammajoda ba, kuma ba yau zan fara ba. Mijin yayata Azumi ne, mai shagon ɗab'i a wajen Wunti, mutum mai baƙin hannu da baƙin rai. Na hannun dai tawada ce, sabulu yakan rage shi.

Injinsa tsoho ne ɗan Jamus, ya fi son sa da mutanen gidansa. In ka yi gangancin tsayawa, sai ya tsare ka da bayani. Wai a kan farantin ƙarfe ake fitar da rubutu, a jiƙa shi da ruwa, tawada mai maiƙo ta kama wurin rubutun kawai, don ruwa da mai ba sa ga maciji. Farantin ba ya taɓa takarda: shi ya shafa wa roba, roba ta shafa wa takarda. Da can da dutse ake yi, in ji shi, har wani Bature ya manta bai sa takarda ba, rubutun ya hau robar da ke danna takardar, ya ga abin da robar ta ɗauka ya fi fitowa. In ba robar, rubutu a juye zai fito.

Haka ya tafiyar da gidansa. Tun ranar da Abba, ɗansa tilo, ya ce a sayi injin zamani mai aiki da kwamfuta, uban bai ƙara yi masa magana kai tsaye ba, sai dai a ce wa Azumi ta gaya wa ɗanta. Ita kuma ta ɗauki zagin, ta tausasa shi, ta kai wa yaron kamar sa albarka. A tsakaninsu ta tsufa, hawan jini ya ɗauke ta bara. Har yau ina jin haushinsa.

Bayan sadakar arba'in Abba ya samu aiki a Jos, ya zo shagon yin sallama, ina tsaye. Na san tsohon so yake yaron ya zauna, don a makon ya sa an yi sabon allon shago mai sunayensu biyu, yana jingine bayan injin. Tsohon ya buɗe baki, ya dube ni. Na kau da kai, ni ba roba ba ce.

"Ƙofa a buɗe take," ya ce wa ɗansa. "Wa ya riƙe ka?"

Abba ya ɗauki jakarsa. Allon yana nan har yau, fuskarsa tana kallon bango.