Ganga Ta Sha Ruwa

Kunnen Baba ya fara nauyi ne shekarar da ya bar zuwa gona. Maganar mata da kukan kaji su suka fara ɓace masa, sai sauti mai kauri ya rage. Shi ya sa na kwashe amfilifaya da sifikuna biyu daga falona na kai ɗakinsa, don abu ɗaya tak: gangar noman da na taɓa ɗaukar sautinta a memori a gayyarsa ta ƙarshe a Tozai. Makaɗin amininsa ne, ya riga mu gidan gaskiya. Idan gangar ta sauka ƙasa tana kiran Baba, sai ka ga kafaɗarsa tana motsi.

To, sai kayan suka fara yi mini wulaƙanci. Wani lokaci bas ɗin, wato kaurin sautin, ya cika ɗaki har ka ji shi a ƙirji. Wani lokaci kuma ya zama holoƙo, kamar ana buga kwalin taliya. Waƙa ɗaya, maɓalli a wuri ɗaya. Ni kuwa mutum ne da idan abu ya ƙi ba ni dalilinsa, ko tuwo ba ya yi mini daɗi.

Baba ba ya ƙorafi. Ya dai karkata kai ya ce, "Yau ganga ta sha ruwa." Haka makaɗa ke faɗa idan damina ta sa fata ta saki. Nakan yi dariya in ce, "Baba, gangar da ke cikin memori ina ta ga ruwa?" Amma na lura ranar da ta sha ruwan, yakan sa ɗan yatsa a kunne ya girgiza. Wata rana ya ce da Inna, ba da ni ba, "Halama kunnena ya ida tahiya." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Dole in gano ko kayan ne, ko kuwa kunnensa ne ke ƙarasa mutuwa.

Wuta na fara zargi. Na gwada da ta gari, na gwada da janareto, duk kanwar ja ce. Na feƙe wayoyi na sake ɗaurawa, har na juya baƙa da ja don in ji bambanci. Na ɗora amfilifayar a babur na tsallaka iyaka zuwa Ƙonni wurin wani mai gyara da ake yabo. Ya buɗe, ya auna, ya kunna har makwabta suka leƙo, sannan ya ce, "Malam, wagga na'ura lahiya lau take. Mi kaka son in gyara?" Na dawo da kunya da ƙura.

Abin da na iya kamawa shi ne, da safe sautin ya fi lalacewa, bayan la'asar ya fi daɗi. Amma ran Lahadi, ranar kasuwa, tun kafin azahar yake gyaruwa. Wace irin na'ura ce ta san ranar kasuwar Illela? Har na fara tunanin zafi ne, na sa mata fanka. A banza.

Wata Lahadi baƙinmu na Lafani suka cika ɗakin, ana gaisawa, moɗa tana zagayawa. Da suka fita na kunna gangar, ta sauko da ƙarfinta, Baba yana murmushi. Sai ga Inna da bokiti. Ta ɗaga faifan randar da ke lungu, tsakanin sifika da gadon Baba, ta tuttula ruwa har wuya. Ina tsaye, a kan kunnena, gangar ta shaƙe.

Na ce, "Inna, don Allah kwashe ruwan nan."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai, lahiyarka? Yanzu nis sa shi."

Ni na kwashe da kaina, moɗa bayan moɗa, ina saurare. Ruwa na sauka, ganga na dawowa. Ashe cikin randar ne ke amsa kaurin sautin, kamar yadda tulu ke gunji idan ka hura bakinsa. Inna na cika ta da safe, mu shanye zuwa la'asar, baƙin kasuwa kuma su shanye da wuri. Wata biyu ina kwance wayoyi, alhali tsoho ya faɗa mini amsar tun ran farko.

Na kama hannun Baba na ɗora a jikin randar. Ya ji tana rawa a tafinsa. Na sake zuba ruwa, ta yi tsit. Ya dube ni, ya dubi randar.

"Ashe ba kunnena na ba," ya ce. Sai ya yi dariya har da hawaye, ni kuma na juya ina gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Washegari Inna ta sa aka kawo sabuwar randa aka kafa a tsakar gida. Tsohuwar tana lungunta har yau. Shekara uku ke nan da rasuwar Baba, Inna ba ta yarda kowa ya zuba mata ruwa ba.