Gaisuwa a Tsakiyar Gulbi

Farkon ganina da motar ina bakin gulbi da tulu a kai. Ta fito daga cikin yashi tana hawan gangaren da jakuna kan huta sau biyu kafin su kai samansa. Akori-kura ce fara, ƙafafunta huɗu duka suna ja, ko tari ba ta yi ba. Direban ya ɗora gwiwar hannu a taga, da ya matso sai na ga ashe ɗan kawuna ne, wanda nake ce wa Yaya. Wani ɗan kwangila mai aikin hanyoyin ruwan dam ɗin Bakolori ne ya ɗauke shi tuƙi.

Shekarata goma sha bakwai a lokacin, kuma ba abin da nake so kamar littattafan soyayya da ake sayo mini a kasuwar Talata Mafara. A cikinsu kullum akwai saurayi mai mota wanda ba ya tsoron kome. Kafin in kai tulun gida na riga na ba Yaya wannan matsayi a raina. Shi kuwa da yake taubashina ne, sunan da yake kirana da shi uwar takardu.

A bazarar shekarar Kaka, wadda ta haifi innata da kawu, ta zame a bakin rijiya ta karye a cinya. Maɗori ya ɗaure ƙafar da karare. Bayan kwana biyar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, shi da kansa ya ce a kai ta asibiti Talata Mafara, amma kada ƙafar ta motsa ko kaɗan a hanya.

Garinmu yana hayin gulbi daga Bakura. In za a bi ta gada zagaye ne mai nisa, in kuwa aka ratsa gulbin kai tsaye, tafiyar ba ta da yawa. A da, da rani gulbin yashi ne zalla, mutum ya dubi sama ya ga ba hadari ya shiga abinsa. Tun da aka yi dam abin ya sauya: ruwa yakan zo ranar da aka buɗe masa ƙofa, ko da rana na ƙuna. Kuma an yi shela cewa ranar da za mu tafi, da hantsi, za a sako shi. Yaya ya ce in muka yi sammako za mu haye da sauran lokaci.

Aka ciro ƙyauren ɗakin Kaka, aka kwantar da ita a kansa, maza huɗu suka ɗaga suka sa a bayan mota. Suka koma gona, don a asibiti akwai masu saukewa. Ni aka ce in zauna kusa da ita in riƙe ƙafar. Amma sallama da 'yan dubiya ta ci mana lokaci, sai da rana ta ɗaga muka isa gaɓa.

A nan Yaya ya sauka ya murɗa wani abu a tsakiyar tayoyin gaba, ya koma ya ja ƙaramar giyar da ke sa ƙafa huɗu aiki. Ya leƙo ta tagar baya, wadda ba ta da gilashi.

"Uwar takardu, riƙe ta da kyau. In na shiga yashin ga ba ni tsayawa. Wanda ya tsaya a yashi ya kafe. Ko kallabinki ya faɗi, ko ke kika faɗi, sai mun haye."

Kaka ta ce, "Angona, in ka zubar da ni, wace ce za ta aure ka da hancin ga naka?"

Muka gangara. Motar tana lilo kamar kwalekwale, yashi na tashi ta gefe biyu, ni kuwa har na fara shirya yadda za a rubuta wannan tafiya a littafi. Mun kai tsakiya sai na hango wani tsoho da sanda, buzu rataye a kafaɗa, yana haye gulbin a ƙafa. Malamin da ya karantar da Yaya ne tun daga allo har sauka.

A wajenmu ba a wuce malami a zaune. Ko kan jaki mutum yake sai ya diro. Na ga ƙeyar Yaya ta juya wajen tsohon, ta dawo hanya, ta sake juyawa. Sai na ji motar ta rage gudu. Ta tsaya.

Ya sauka, ya tuɓe takalmi a kan yashi mai zafi, ya tsuguna.

"Allah shi gafarta Malam. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Ina mahaifinka? Ya aiki? Ya zafin ga?"

Suka bi gida gida, har da ciwon idon kawu na bara. Da Malam ya ji Kaka ce a baya, ya zagayo ya gaishe ta, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Muna shafawa ina jin bayan motar na sauka a hankali ta ɓangaren hagu.

Yaya ya buɗe wa Malam gidan gaba, ya tayar, ya taka. Injin ya yi kuka, tayoyi suka juya a wuri ɗaya suna watsa yashi. Ya sa ribas. Muka ƙara nutsewa. Ya sauko ba ya kallon kowa, ya sace iskar tayoyin, ya durƙusa yana tonon yashi da hannu biyu. Malam ya fito ya miƙa buzunsa.

"Sa wanga ƙarƙashi."

"Malam, abin sallarka?"

"Sa, na ce."

Tayar ta haɗiye buzun ta tofo shi baya.

Wata iska mai sanyi ce ta fara taɓa mini wuya. Na juya wajen da dam yake. Can nesa, yashin da yake fari ya yi baƙi, kuma baƙin yana tahowa. A gabansa akwai farar kumfa tana turo karan dawa da busasshen kashin shanu. Ba gudu yake ba, tafiyar mutum mai natsuwa yake yi, ba ƙara, sai wani sautin suya ƙasa ƙasa. Sai na buga rufin motar da tafin hannu na nuna masa.

Ruwan bai fi tafin hannu zurfi ba da ya iso, amma ya kewaye mu, yana zarar yashi daga ƙarƙashin tayoyi. Gaɓa tana da nisa. Mu uku ba mu iya ɗaga ƙyauren da Kaka a kai, in kuwa aka goya ta ƙafar ta tafi. Yaya ya tsaya cikin ruwa har idon sawu, hawaye na bin ƙurar fuskarsa. Ban taɓa karanta saurayi mai mota yana kuka ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan, fiye da ruwan.

"Katako nake so," yake ta faɗa. "Da akwai katako ɗaya tak."

Kaka ta ce, "To mi nike kwance a kai? Tabarma?"

"Kaka, maɗori ya ce..."

"Maɗori na gida shina shan fura. Ku zare shi. Ke ɗiyata, riƙe ƙafar, kada ki dubi fuskata."

Na rungume cinyar da karare da kome, na danna ta a ƙirjina. Yaya da Malam suka kama ƙarshen ƙyauren suka ja. Na ji kara ɗaya ya ɓalle a ƙarƙashin hannuna, na ji wani abu a cikin naman ya goce. Kaka ba ta yi ihu ba. Ta cusa mayafi a baki, wani sauti ya fito ta hancinta wanda har yau nakan ji shi in ana jan tebur a kan siminti.

Ruwa ya kai ƙauri lokacin da Yaya ya tura ƙyauren ƙarƙashin tayar hagu, ya taka shi da ƙafa ya shige. Malam ya hau da rigarsa sharkaf. Wannan karon Yaya bai taka da ƙarfi ba. Motar ta girgiza, ta yi kamar za ta koma, katako ya yi ƙara, sai muka ɗago. Na rufe ido ina salati, ruwa na dukan ƙarfen da ke ƙarƙashinmu, ban buɗe ba sai da na ji hancin motar ya dubi sama. Daga kan gaɓa na waiwaya. Wurin da muka tsaya ya zama ruwa ja, ƙyauren yana juyi a kansa, takalman Yaya na biye.

Kaka ta yi wata biyu a asibiti. Ta rayu, amma ƙafar ta haɗe a karkace, ba ta ƙara tafiya ba sanda ba. Ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba, sai dai duk ranar da Yaya ya shigo gaishe ta takan ce, "Angona, taƙaita, kada gidan ya nutse." Malam kuwa ya aiko masa da saƙo cewa daga ranar ya yafe masa tsugunno a kan hanya.

Ni aure ya kai ni Maradun, ba wajen mai mota ba. Yaya ya ci gaba da tuƙi shekaru da yawa tsakanin Bakura da ƙauyukan hayi, har baƙi suna ce masa direba mai girman kai, don ko wa ya gani a cikin yashi hannu kawai yake ɗagawa. Mutanen gari sun san sauran. In ya haye sai ya kashe mota a kan tudu, ya bar fasinja suna mita, ya tuɓe takalmi ya koma da ƙafa ya yi gaisuwar tun daga farko. Yanzu ido ya hana shi tuƙi, yana sayar da man inji a bakin tashar Bakura. Da na je bara na tambaye shi ko yana tuna ƙyauren. Ya ce shi ya sassaƙa wa Kaka sabo da hannunsa, kuma tun daga ranar bai sake shiga gulbi babu katako biyu a bayan mota ba.