Garin da Ake Zuba wa Jikata a Koko

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Lamashegu, jikata ta daina cin nama. Sai kun san gidanmu za ku gane nauyin maganar. Mijina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, ɗana ma da wuƙa ya tashi. Wata rana yarinyar ta bi ubanta mayanka, ba ta wuce shekara bakwai ba. Tun ranar ko romo ya taɓa tuwonta sai ta ture kwanon. Kifi ma haka. Na yi faɗa, na zare mata idon nan da ke sa yaran shagon ɗana su ɓoye sigari, ta dube ni ta ce, "Kaka, ba zai wuce wuyana ba."

Tukunyar gidanmu kuwa babu wadda nama bai shiga. Sai ta koma gayan tuwo, burodi da shayi. Ta fara zubewa.

Ni ban yi makaranta ba, katin awo na asibiti ba ya gaya mini komai. Na yi abin da uwata ta yi mana: na zura ƙananan duwatsun ado a zare, na ɗaura mata ɗaya a ƙugu, ɗaya a damtse. In yaro na gaba, zare zai matse. In yana baya, zai sauka. Kullum in ta durƙusa gaishe ni, ina amsawa ina zura yatsa ƙarƙashin zaren.

Muka je suna a Gurugu, wata mai bakin tsiya ta nuna ta a gaban mata ta ce, "Wannan ce 'yar mahautan? Ai tsinken tsire ce, an cinye naman!" Aka yi dariya. Matar ɗana ma ta yi, amma na ga yadda ta matse hannun yarinyar.

Ba a daɗe ba jikata ta fara cika. Kumatu suka fito, fuska ta yi zagaye, ci kamar an buɗe rami. Maƙwabciyarmu Badagomba har ta shigo yi mana barka. Ɗana yana ta washe baki: "Mma, kin gani? Ke dai kin cika tsoro."

Amma yatsana ya ƙi yarda. Zaren ƙugu ya matse har yana barin shaida a fata, na damtse kuwa ya zame ya sauko gwiwar hannu. Ciki da fuska suna gaba, hannu da ƙafa suna baya. Ga wani ɗan ciwo a ƙafarta da ya ƙi warkewa. Na raini yara da yawa, ban taɓa ganin ƙiba mai zaɓen wurin zama ba.

Na sa ido. Sai na lura kokon safe da ake sha a tsakar gida, yanzu uwar kan kira ta ɗaki ta ba ta. Rannan na tashi na ɗaga labule ba sallama, abin da ban taɓa yi wa ɗakin suruka ba. Na tarar da ita da cokali, tana ɗiban wani gari daga roba tana juyawa a kofi.

Na ce, "Ke 'yar nan, mene ne wannan?"

Ta ce, "Mma, furotin ne. Abin da ke cikin nama ne aka ciro daga tsirrai. Matar da ke yawo da shi a yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ta ce har 'ya'yan likitoci na sha."

"To. Ni ban iya karatu ba, ke kin iya. Karanta mini sunansa."

Ta juya robar, ta sake juyawa. Babu rubutu ko ɗaya. Sai ta fashe da kuka: "Mma, ba ke ake nunawa a gidan biki ba. Ni ake cewa na kasa ciyar da 'ya ɗaya a gidan nama."

Na ƙwace robar na ce daga yau an gama. Niyyata in juye a kwata, amma ni macen da ko gwangwanin tumatir ba ta iya yarwa, sai na tura ta ƙarƙashin gado. Na kwana ina jin kaina jaruma.

Ba a yi nisa ba, wata safiya yarinya ta kasa tashi. Amai, jiki sanyi ƙalau, ido ya faɗa, ina kiranta tana amsawa kamar daga cikin rijiya. Aka kira ubanta daga kasuwa, ya zo da rigar aiki duk jini. Ni da na rantse ba zan hau babur ba har in mutu, na ɗaure robar a bakin zane na haye bayansa, yarinyar a tsakaninmu. Duk ramin da muka faɗa kanta sai ya bugi ƙirjina, ina sa kunne ko tana numfashi, ina ce wa ɗana, "Kai, yi sauri," ina kuma cewa, "Kai, a hankali."

Likitar mace ce. Ta dubi fuskar, ta dubi hannun, ta ce, "Me take sha a gida?" Uwar, da ta biyo mu a baya, ta sunkuyar da kai. Na kwance bakin zane na ajiye robar.

"Yaushe aka daina ba ta?"

Na ɗaga kai na ce, "Ni na hana."

Ta ce, "Hajiya, kin kyauta da kika gane. Amma irin wannan ba a yanke shi lokaci ɗaya." Ta ce alamun sun nuna an niƙa wata ƙwaya mai ƙarfi a cikin garin, mai kumbura fuska da buɗe ci. Jiki in ya saba da ita, janye ta farat ɗaya na iya kashe yaro.

Aka yi mata allura, aka sa ƙarin ruwa. Muka zauna a benci ni da matar ɗana. Na tanadi faɗan da zan yi mata tun a hanya, na neme shi na rasa. Ita ta ba da garin, ni na yanke, wa zai yi wa wani? Ta kama gefen mayafina, na bar ta ta riƙe. Can bayan la'asar yarinyar ta buɗe ido, ta bi robar ruwan da kallo, ta ce, "Kaka, ba romo a ciki ko?"

Da maganin asibiti aka janye ta daga ƙwayar sannu a hankali. Wata nas ta zaunar da mu kan abinci, ina jira ta ce a danne ta a ɗura mata nama. Ba ta ce ba. Ta ce a yi mata tukunyarta daban: wake, tubani, awara, ƙwai, cukun wagashi, miyar gyaɗa da ta agushi, nono. Maganin ƙarin jini ma sai da suka gwada jininta suka ba mu da hannunsu. Ni matar mahauci na shiga kasuwa na sayo tukunyar da nama bai taɓa shiga ba.

Kumburin ya sace, ta koma kamar ta fi da rama. Mata suka dawo da bakinsu. Wannan karon uwar ce ta ce musu, "Ku bar mini tsinkena." Zaren damtse ya daina sauka, ya fara kama fata. Wata rana tana taya ni dakan gyaɗa, ta ɗaga taɓarya, sai ji muka yi tas, zaren damtsen ya tsinke, duwatsu suka watse a tsakar gida. Na ɗaure fuska na ce, "Tsince su duka." Na shige ɗaki don kada a ga idona.

Har yau abin da ba shi da suna ba ya shiga bakin yaro a gidana. In kuma ya riga ya shiga, ba ni ke yanke hukunci ba, ɗauka nake in kai asibiti. Har yau kuma ba ta cin nama. Ita ce ke rubuta muku wannan a waya, ina faɗa tana dannawa. Yanzun nan ma na kama damtsenta na matsa, ta ce, "Kaka, sake ni, kina sa ni kuskure."